Ni Ma Na Fito Neman Kujera

Ranar Litinin da ta wuce, tun rana ba ta yi zafi ba, na sa babbar riga na fito daga gida da kujera a ka na nufi tashar Rano. Kujera ce ta katako, ƙafa huɗu da majingina, ni na yi ta da hannuna, don sana'ata ke nan. Duk wanda ya san Gajere Kafinta ya san ba na aikin algus. Na faɗi irin kujerar tun da wuri ne don kada ku ma, masu karatu, ku faɗa ramin da rabin garin nan ya faɗa a cikin makon.

A tasha na tarar da Habu direba ya cika saman motarsa da buhunan albasa. Ya dubi kujerar, ya dube ni, ya ce, "Malam Gajere, sama babu wuri. In ciki za ta shiga, to fasinja ce, kuma ba na ɗaukar fasinja don Allah." Haka aka yi, ni a gefen taga, kujera a gefena ƙafafunta a sama. Ba mu yi nisa ba Habu ya karya kan mota ya shiga layin mai, ya ce minti biyar ne. Awa biyu muka yi. Na sauko da kujerata na ajiye a gindin darbejiya na harɗe, sauran fasinja suna tsaye suna canza ƙafa. Tunda nake shiga layin mai ban taɓa jin daɗinsa ba sai ranar, har na yi wa shugabanninmu addu'a, Allah Ya saka musu da ba su bari talaka ya yi gaggawa ba.

Wani dattijo da ke cikin motar ya ce, "Ina za ka da kujera haka?" Na ce jami'a. Ya ce, "Ikon Allah. Can babu ne?" Na ce akwai, masu kyau ma kuwa, amma duk suna ofis.

Ga dalilin tafiyar. Ina da 'ya, Bara'atu, ita ce ta uku a ɗakin mai ɗakina Zainaba, ita ce kuma ta farko da ta taɓa shiga jami'a a zuriyarmu. Lissafi take karantawa a wata jami'a da ba zan kira sunanta ba, tana ajin ƙarshe. Jarrabawa biyu suka rage mata, ɗaya ranar Alhamis, ɗaya ranar Asabar, kowacce zaman awa uku. Matsalar ita ce Bara'atu ba ta iya zaman awa ɗaya a kan benci ba tare da ciwo ya kama ƙugunta ya gangara ƙafa ba. A zangon da ya wuce, ana tsakiyar wata jarrabawa ta ajiye biro ta fita tana hawaye, ita ce ma wadda za ta sake ranar Asabar. In ta sake fita, sai ta maimaita shekara. Ita kuma ta gaya wa uwarta ba ta da bayan da zai ƙara shekara a kan bencin nan, in ta faɗi ta dawo gida ke nan. Shekara huɗu na wahala za su tafi a kan katako ɗaya.

Kada ku ɗauka ni uban kirki ne da ya gane tun farko. Da hutun ƙaramar Salla ta dawo gida, ta shigo zaure ta tarar da ni da maƙwabcina Malam Ramalan, wanda ke noma a Zurgu, muna zaune a tabarma. Ta ce, "Baba, ina wuni," a tsaye, ta ɗan sunkuyar da kai kawai. Ramalan ya gyara zama ya ce, "Ka ga abin da nake gaya maka. Boko in ya shiga kai, gwiwa yake fara kashewa." Raina ya ɓaci. Na ce mata a gidan nan ba a gaida uba a tsaye, ko da mutum ya haddace lissafin duniya. Ta kama ƙyauren ƙofa ta sauka a hankali har gwiwarta ta taɓa ƙasa, ta sake gaishe mu. Muka amsa. Sai muka ga ba ta tashi ba. Ta yunƙura sau biyu ta kasa, sai da uwarta ta fito ta ɗaga ta.

Zainaba ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Malam, tun kafin azumi yarinyar nan a zaune take salla. Duk gidan nan kai kaɗai ne ba ka sani ba." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yanzu ina tuna yadda ta riƙe ƙyauren nan. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa rashin sanin har da rashin tambaya a ciki.

Ramalan dai bai sauka daga kan bakansa ba. Ya ce, "Yaro yana da baya ne? Mu da muke sunkuye a kan fartanya tun asuba har azahar me za mu ce? Mutum yana zaune a inuwa, biro kawai yake ɗagawa, a ce wai bayansa." Na ce masa mai fartanya in ya kai ƙarshen kunya yana miƙewa, ya dafa ƙugu, ya dubi sama, sannan ya juyo. Ɗalibi ba a yanka masa ƙarshen kunya. Bara'atu ta nuna min hoton ajinsu a waya, na duba da idon sana'a. Bencin faɗinsa bai fi tafin hannu da rabi ba, babu majingina, teburin ya yi ƙasa ta yadda dole ka ranƙwafa. An yi shi don mutum biyar, tara ke zama, wanda ya makara ya hau taga ko ya samu bulo. Daga takwas na safe zuwa yamma ana fita wannan aji ana shiga wancan, in an tashi kuma a ɗauki bokitin ruwa a hau da shi bene hawa uku. Likitan da muka je wajensa ya sa aka ɗauki hoton bayan, ya ce ƙashi bai karye ba, zaman ne ya yi yawa. Ya ce ta riƙa motsa jiki, ta daina dogon zama ba majingina, kuma ba ita kaɗai ba ce, kullum sai ɗalibai irinta sun zo masa. Ya rubuta mana takarda. Wanda ya yi bencin nan, in kafinta ne, ban yafe masa ba a madadin sana'a.

Shi ya sa na auna yarinyar da tef, daga ƙasa zuwa gwiwa, daga mazauni zuwa kafaɗa, na yi mata kujera daidai jikinta, na sa ɗan tudu na soso a inda ƙugu ke sauka. Ita ce muke tafe da ita ranar Litinin.

A ƙofar jami'a mai gadi ya tare ni ya ce ina takardar kujera. Na ce ai shiga zan yi da ita, ba fita ba. Ya ce abin da ya ɗaure masa kai ke nan, shekararsa goma sha ɗaya a ƙofar nan, kujeru fita suke yi, bai taɓa ganin wadda ta shigo ba, don haka bai san dokarta ba. Na bar ta a wajensa na shiga da takardar likita.

Ofis na farko suka tura ni na biyu, na biyu suka ce mai ofishin ya tafi taro a kan walwalar ɗalibai, in gwada na uku. Ban yi asarar yawon ba, don na ƙaru. Kowane ofis na shiga kujerar nake fara kallo kafin mai ita. Masu juyawa, masu lilo, masu majingina har ƙeya, wata ma ba a cire mata ledar kanti ba. Allah Ya ƙara wa bayan manyanmu lafiya, don da shi suke ɗauke da mu.

A ofis na uku na samu wanda zan kira Yallaɓai Mai Hatimi. Ya karanta takardar likita da yatsa biyu, ya ce kujerar waje ba ta shiga zauren jarrabawa, don ana iya rubuta amsa a ƙarƙashinta. Na ce, "Yallaɓai, tana bakin ƙofa, a kifa ta a duba." Ya ce dubawa aikin kwamiti ne, kwamitin kuma sai bayan jarrabawa zai zauna. Na ce to a bar yarinyar ta yi rubutu a tsaye in zaman ya gagare ta. Ya ce wanda ya tsaya a zauren jarrabawa leƙe yake yi. Ya jawo wani fom na masu naƙasa ya ce, "Tana dogara sanda?" Na ce a'a. "Tana hawa keke?" Na ce da ƙafarta take tafiya. Ya mayar da fom ɗin cikin durowa ya ce, "To a takarda lafiyarta ƙalau, sai ka gode wa Allah." Na gode wa Allah. Da zan fita ya rage murya ya ce, "Sai dai in kana da wani babba da zai sa baki." Na koma Rano da kujerata, ta sake zaman fasinja.

Babba kam muna da shi. A cikin manyan da Allah Ya albarkaci yankinmu da su akwai wanda nake kira Mai Girma Inuwar Giginya, kun kuwa san mai shan inuwar giginya, na nesa. Na samu labari ya shigo gari, don haka ranar Talata na sa babbar rigata ta Juma'a na tafi. Ƙofar gidan cike take da jama'a, wasu tun daga Kibiya, wasu daga Rurum, kowa da takarda a aljihu. Yaronsa mai tace baƙi, wani magidanci da ake kira Uzairu, ya zo kaina ya ce me ke tafe da ni. Na ce, "Kujera nake nema."

Uzairu ya dube ni daga hula har takalmi. Ya ce, "Kai ma?" Ya juya ya shiga ciki da sauri. Na ga mutanen da ke kusa da ni sun fara matsawa suna ba ni wuri, wani ya miƙo min hannu biyu. Ban gane ba sai daga baya. A garin nan in magidanci ya sa babbar riga ya je ƙofar babban mutum ya ce kujera yake nema, babu wanda zai kawo katako a ransa. Ba a yi minti biyar ba aka ce in shigo, na tsallake mutanen da suka zo tun hantsi.

Mai Girma yana zaune a wata kujera da in an yanka ta za a fitar da gado biyu. Ya sa aka kawo min lemo mai sanyi, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya ce, "Malam Gajere, wa ya zuga ka? Ka faɗa min tsakaninmu. Kujerun wannan karon duk an gama magana a kansu. Ka yi haƙuri ka jira zagaye na gaba, ba za mu manta da kai ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba tawa ba ce, ta 'yata ce."

Ya ɗan saki fuska. Ya ce, "Mace? To ai wannan ci gaba ne, muna son mata su fito. Amma tana da goyon baya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, bayan ne ma matsalar. Babu abin da ke goya shi."

Ya juya carbinsa. Can sai ya yi dariya ya buga cinya ya ce, "Af, kujerar Makka kake nufi. Ai sai ka faɗa tun farko, ka tayar min da hankali. Ta bana ta wuce, amma baɗi in Allah Ya kai mu, Uzairu zai rubuta sunanta. Ta je ta yi addu'a a can, ciwon zai tafi."

Na ce, "Allah Ya ƙara girma, kujerar zama nake nufi. Ta katako. Na ma riga na yi ta, tana gida. Layi biyu kawai nake roƙo a rubuta wa jami'a, a bar yarinya ta zauna a kai jibi ta rubuta jarrabawa."

Ban taɓa ganin fuska ta sauya da sauri haka ba. Ya dubi Uzairu, Uzairu ya dubi kwalbar lemon da na riga na sha rabi. Mai Girma ya ce, "Yanzu saboda kujerar katako ka tsallake mutum arba'in?" Sai kuma ya tuna shi uban jama'a ne, ya gyara murya. Ya ce kujera ɗaya ta yi masa kaɗan, shi ba ya ƙaramin abu. Za a shirya gagarumin gangami na yaƙi da ciwon baya a tsakanin matasa, a kafa rumfuna, a buga riguna, a gayyato masana daga birni su yi jawabi. Na ce yaushe? Ya ce da zarar ɗalibai sun gama jarrabawa, don su samu halarta.

Ni ban yi mamaki ba, don na san aikinsa. Shekarar da ya ba wata makaranta kyautar kujeru ina wajen. An jera su reras, an ɗaura ƙyalle an yanka, an ɗauki hoto yara suna zaune suna murmushi. Ana watsewa motar masu haya ta zo ta kwashe kayanta, rumfa da kujeru gaba ɗaya. Hoton dai yana nan, kuma ya yi kyau ƙwarai.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da Ramalan a ƙofa ya sa sabuwar hula, ya ce shi tun da can ya san ni shugaba ne, Zurgu gaba ɗaya tana hannunsa, in na hau kada in manta da maganar taki. A cikin gida kuma mata uku na unguwa sun zo yi wa Zainaba barka, ɗaya ta ce a tuna da ita a rabon dabino da zamzam. Zainaba ta raka su har zaure tana amsa addu'a, ta dawo ta ce, "Alhaji mai girma, an samo takardar?" Na ce a ba ni ruwa.

Ranar Laraba Bara'atu ta kira ni. Ta ce, "Baba, ka bari haka nan, ka sha wahala. Zan shiga in gwada. In na kasa, haka Allah Ya so." Muryarta babu kuka a ciki, abin da ya fi tayar min da hankali ke nan, don mai kuka bai gama fid da rai ba. Na zauna a shago ina kallon kujerar. Na tuna shekara talatin ina shiga gidajen mutane da ma'aikatu, ba a taɓa tambayata takarda ba in dai akwai fensir a bayan kunnena da guduma a hannu. Mai babbar riga ake tsarewa a yi masa tambayoyi. Lebura ba a ma ganinsa. Na ɗauko abin aiki na warware kujerar gaɓa-gaɓa, na ɗaure katakan da igiya. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon nan kuwa ba tsagewa ɗaya gare shi ba.

Ranar Alhamis ana idar da sallar asuba na bi motar farko, da rigar aiki mai tabon fenti. Mai gadin nan na ranar Litinin ne a ƙofa. Ya dubi katako, ya dubi guduma, bai dubi fuskata ba. Ya ce, "Gyara?" Na ce gyara. Ya ce Allah Ya sa wata rana a tuna da ɗakin masu gadi. Bara'atu ta nuna min zauren daga nesa, ta gaya min lambarta tana ƙarshen layi ta jikin bango. Na shiga na ɗan ture bencin, na durƙusa na fara haɗawa. Minti ashirin kujera ta tsaya da ƙafarta.

Ina ɗaure ƙusa ta ƙarshe sai ga malamar da za ta tsare jarrabawar, na ji ɗalibai suna kiranta Malama Huseina. Ta ce, "Malam, wa ya aiko ka?" Na ce, "Daga sama ne, Hajiya." Ban kuwa yi ƙarya ba, don Wanda Ya ba ni 'yar can Yake. Ta dube ni, ta dubi Bara'atu da ke tsaye ta dafa bango, ta dubi hancinmu da yake iri ɗaya. Sai ta kama kujerar ta kifa ta, ta duba ƙarƙashinta, ta shafa da hannu, ta mayar ta ajiye. Ta ce, "Babu komai. Zo ki zauna." Aikin da aka ce sai kwamiti ya zauna, mace ɗaya ta gama shi a tsaye kafin in mayar da guduma cikin jaka.

Na samu inuwa a waje na jira. Da awa biyu ta wuce ban ga ta fito ba, na fara jin sanyi a raina. Da lokaci ya cika aka buɗe ƙofa, na ga abin da nake so Ramalan ya gani. Samari da 'yan mata, babu wanda ya kai talatin, suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kusan kowa hannu a ƙugu, wasu suna tsayawa a baranda su banƙare kamar tsofaffin da suka tashi daga cirar gyaɗa. Bara'atu ce ta fito a ƙarshe. Ta ce ta rubuta har aka ce a ajiye biro.

Da an tsaya nan da na ce mako ya yi albarka. Amma ranar Juma'a da yamma ta kira ni ta ce ta leƙa zauren, kujera ba ta nan. Ga jarrabawar da ta fi tsoro gobe da ƙarfe goma.

Takwas na safiyar Asabar ta yi min a jami'a, da rigar aiki da fensir. Ban sha wahalar nema ba, don kura in ta ɗauki akuya ba a zuwa gidan zomo cigiya. Na leƙa ofis na uku. Ga kujerar nan mai juyawa an tura ta lungu, ga Yallaɓai Mai Hatimi a kan kujerar Bara'atu ya jingina ya lumshe ido. Har an rubuta mata lamba da farin fenti a baya, ta zama 'yar gida. Bai gane ni ba, don ranar Litinin riga ya gani, yau kuma babu rigar. Na gaishe shi na ce ana zagayen duba kujeru ne. Ya ce wannan an tsince ta a zaure ba ta da lamba, shi ne aka kawo ta nan don a tsare ta. Ya ƙara da cewa, "Amma ko wane ne ya yi ta ya san aiki. Wuni ɗaya na yi a kanta, bayan nan nawa da ya dame ni shekara biyu ya saki."

Na zagaya ta, na tsuguna, na ƙwanƙwasa ƙafar baya, na girgiza kai. Na ce, "Yallaɓai, Allah Ya tsare. Ƙafar nan ta hagu ta fara sakin jiki. In ba a ɗaure ta yau ba, tana iya kayar da mutum ta baya." Wanzami ba ya son jarfa. Kafin in rufe baki ya miƙe tsaye. Ya ce a tafi da ita yanzu a gyara. Na ce masu gadi za su tare ni a hanya. Ya yagi takarda ya rubuta cewa a bar mai ɗauke da wannan kujera ya wuce da ita duk inda aiki ya kai shi, ya sa hannu, ya buga hatimi har sau biyu. Ya karɓi lambar wayata don ya ji in an gama.

Aiki ya kai ni zauren jarrabawa. Bara'atu ta zauna ƙarfe goma, ta tashi ƙarfe ɗaya, ta ce ta amsa duka. Sakamako yana hannun Allah da malamai, amma ba ta fita ba.

Na ce to mu kwance kujerarmu mu tafi gida. Ta ce, "Baba, ka bar ta." Ta kira wata yarinya, Maimuna, 'yar Fassi, tana aji uku, wadda in ta yi dogon zama ƙafarta ta dama ke mutuwa sai an riƙe ta. Tana da jarrabawa ranar Litinin, bayanta kuma akwai wasu biyu da suka riga suka yi magana. Na miƙa wa Maimuna takardar mai hatimi biyu, na ce ta riƙe ta da kyau, ta fi takardar likita ƙarfi.

A mota na ba Bara'atu gefen taga, na naɗe rigar aikina na cusa mata a ƙugu. Kowane rami Habu ya faɗa sai na ga ta cije leɓe. Da muka sauka a Rano sai da ta dafa kafaɗata kafin ta iya sa takalminta, daga tasha zuwa gida kuma sau uku muna tsayawa. Shekara huɗu da suka wuce na raka yarinyar da ke ɗauko tulu daga rijiya tana waƙa, yau an dawo min da mai ilimi da ba ta iya sunkuyawa ta ɗauki abin da ya faɗi. Ina murna, wallahi ina murna, amma raina a ɓace yake, kuma ban san ofishin da ake kai wannan ba. Ɗaruruwa suna can a kan bencin, kujera ɗaya suke bi da layi.

Yallaɓai kuwa ya kira ni sau uku tun jiya, yana tambaya ko an gama ɗaure ƙafar. Na ce masa gobe in Allah Ya yarda. Na ji har ya sa an share wajen da za a ajiye ta, da alama bawan Allah bai taɓa ba kafinta aiki ba.